Cokalin Nomau da Daɓen Surukinsa

Nomau taubashina ne, ɗan kawuna, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa a nan ba shi da ikon yin fushi. In ma ya yi, ya san rumfata a kasuwar Treichville, layin masu atamfa, ya zo ya same ni. Gajere ne, mai faɗin kunne, kuma a aljihun gaban rigarsa, inda mutanen kirki ke maƙala biro, shi cokalin shayi yake sokewa. Da cokalin nan yake ci da iyalinsa, kuma bai taɓa sa shi a baki ba.

Aikinsa ke nan. Idan ruwa ko gobara ta ɓata gida ko shagon da ke da inshora, wadda mu nan Abijan muke ce wa asiransi, kamfani kan ba ɗan kwangila gyara. Kafin a sallami ɗan kwangilar sai an tura wani ya duba ko aikin na Allah ne ko na ganin ido. Nomau ake turawa. Yakan shiga gida ya tsuguna ya bi tayil ɗin daɓe, wato karo, yana ƙwanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya. Yakan manna hanci a bango ya shaƙa, ya gaya maka an shafa fenti kan danshi. Na sha gaya masa cewa in da mahaifiyarsa ta ga ƙato da gemu yana sansana bangon mutane, da ta ce a mayar da shi Tawa a yi masa rubutu.

Babban ciwon kansa mutanenmu ne. Mu dai idan masifa ta faɗa wa mutum, kafin ya gama salati maƙwabta sun iso da tsintsiya. A share, a kwashe, a wanke, don kada baƙo ya zo ya ga ƙazanta. Asiransi kuwa ƙazantar take son gani. Shekarar da wuta ta ci sito na Alhaji Sadi mai tayoyi a Adjamé, Nomau ya isa washegari da hantsi ya tarar an kwashe toka, an shafa farar ƙasa, an shimfiɗa tabarmi ana shan shayi. Ya tambayi Alhaji girman asara, Alhaji ya ce alhamdu lillahi, abin ya zo da sauƙi. Mutumin da ya rasa dukiyar shekara ashirin ke nan. Tun daga ranar, idan Nomau ya je jaje, kafin ya ce Allah ya mayar da alheri sai ya fara cewa kada a share. Ya taɓa kokawar tsintsiya da wata tsohuwa a unguwar Saint-Michel, tsohuwar ta yi nasara. Yanzu daga Adjamé har unguwarmu ta Biafra ba wanda ke kiransa Nomau a bayan idonsa, sai Kada-a-share.

Amma ba da cokali ya sauka a garin nan ba. Ya zo daga ƙauyensu na kusa da Tawa da tabarma da buta, ya yi dako a tashar Adjamé, sannan ya faɗa hannun Alhaji Mijinyawa, maginin da ke zaune a Saint-Michel, wanda a lokacin duk mai son daɓen da zai bar wa jikoki wurinsa yake zuwa. Shi ya koya masa cokali. Karon da ya zauna daram kan siminti, in ka ƙwanƙwasa shi a daƙile yake amsawa. Wanda aka bar masa rami a ƙasa kuwa sai ya yi ƙara kamar ƙwarya a kife, kuma ba ya shekara biyu sai ya fashe. Alhaji kan ƙwanƙwasa ya juyo ya ce, "Mi kaj ji, jaki?" Idan Nomau ya yi kuskure, cokalin ya sauka a tsakar kansa. Shekara tara aka yi haka. A rana ɗaya Alhaji kan ce masa jaki sau talatin, Nomau kuma yana ƙiba.

Abin da ya ɓata wannan zaman lafiya shi ne Ni'ima, 'yar Alhaji, wadda ke kai abinci wurin gini. Yadda aka yi ta ga wani abin so a jikin Nomau, har yau ban gane ba. Alhaji dai ya ba shi ita. Ranar Litinin bayan biki suka koma aiki. Alhaji yana saman katako, ya buɗe baki zai ce jaki, kalmar ta maƙale, don yanzu mijin 'yarsa ne. Sai ya yi gyaran murya ya ce, "Malam Nomau, in babu damuwa a miƙo siminti." Nomau da jin haka ya tuɓe takalmi ya tsuguna cikin kwaɓin siminti ya sunkuyar da kai. Mako biyu suka yi a haka, wannan ba ya iya gyara wa wancan, wancan ba ya iya tambayar wannan, har bango ya fito a karkace. Nomau ya bar aikin ba tare da an kore shi ba.

Aikin asiransi kuwa a layin banki ya same shi. Ya gaji da tsayuwa, hannu ya saba, sai ya tsuguna ya ƙwanƙwasa daɓen bankin, ya gaya wa matar da ke bayansa cewa an cuci masu wurin nan. Matar ita ce Madam Akisi, mai ofishin binciken ɓarna da kamfanonin asiransi ke ɗauka. Maimakon ta kira mai gadi, sai ta ba shi katinta.

Shekara goma sha tara ke nan Nomau bai kalli fuskar surukinsa ba, bai gaisa da shi da hannu ba, bai ambaci sunansa ba. In ya hango shi a titi, ya tuɓe takalmi daga nesa ya durƙusa, ya jero gaisuwa yana kallon ƙasa, Alhaji ya ce madalla yana kallon sama. In suka haɗu cikin gbaka, ƙaramar motar haya, Nomau ya sauka ko da a tsakiyar gada ne. Akwai wani mai nama a unguwarsu da ake kira Mijinyawa, Nomau ya daina cin namansa don ba ya iya kiransa. Ni kuwa ba surukina ba ne. Duk ranar da Nomau ya ɓata min rai sai in ce, "Ya lafiyar Alhaji Mijinyawa?" da ƙarfi, in ga yana neman wurin ɓuya tsakanin atamfofi.

A 'yan shekarun nan mutane sun fara cewa Alhaji ya canza. Mutumin da a da ake jin faɗansa daga layi uku ya koma murmushi da madalla. Ka ce masa siminti ya yi tsada, madalla. Ni da kaina na taɓa gaya masa an yi min sata a rumfa, ya ce madalla, na yi wata guda ba na gaishe shi. Wasu suka ce girman kai ne, Ni'ima ta ce tsufa ne ya kawo masa haƙuri.

To, a daminar bara, cikin watan Yuni, aka yini ana tafka ruwa, kwatocin Biafra suka cika suka dawo mana da duk abin da muka zuba musu. Ina haya a gidan Hajiya Barakatu, babban gida mai tsakar gida ɗaya da ɗakuna a zagaye. Ɗanta, mai shigo da kaya daga waje, ya yi wa gidan asiransi. Ruwa ya shiga falon Hajiya har gwiwa, ya ɗaga karo, ya ci bango. Ni da na san wa'azin taubashina, ruwa na janyewa na tattara tsintsiyoyin gidan kaf na kulle a ɗakina. Kwana biyu muna taka laka, matan gida suna zagina da Hausa da Jula da Faransanci, har aka zo aka ɗauki hoto. Wannan ne karo na farko da asiransi ta ga ɓarnar Bahaushe da idonta, kuma ta amince ta gyara.

Ɗan kwangilar da kamfani ya zaɓo daga jerin masu yi masa aiki shi ne Alhaji Mijinyawa. Kowa ya yi murna. Kullum da safe yana zuwa da ma'aikatansa uku, ya zaro nasa cokalin ya bi aikin jiya yana ƙwanƙwasawa, ya gyaɗa kai ya tafi wani wurin. Da ya fita sai ma'aikatan su kalli juna. Na leƙa na ga yadda suke yi. Maimakon su shimfiɗa siminti ko'ina, sai su ɗiga dunƙule biyar a bayan karo su manna, buhunan da suka rage kuma su bi ta ƙofar baya a baro. Na gaya wa Hajiya, ta ce in rufa mata asiri, ita ba za ta kushe aikin Alhaji ba, da shi suka yi aikin Hajji. Aka gama, falo ya yi kyau, sheƙi kamar faranti. Amma in ka taka shi da takalmi sai ka ji yana amsa maka.

Ranar wata Talata Nomau ya shigo rumfata ya zauna kan dilar atamfa, bai ce min mai tsadar kaya ba kamar yadda ya saba. Ya miƙo min takarda, ya nuna sunan ɗan kwangila da cokali. Madam Akisi ta ba shi aikin duba falon Hajiya ranar Alhamis, ba ta san dangantakarsu ba, tunda a shekarun da ya yi a ofishinta bai taɓa furta sunan ba. Ya tambaye ni gaskiyar aikin, na gaya masa ban rage komai ba.

Na ce ya faɗa wa Madam surukinsa ne, ta tura wani. Ya ce wanin da za ta tura sabon ma'aikaci ne mai digiri da na'ura, zai rubuta abin da ya gani a minti goma, a goge sunan Baba daga jerin kamfani, labari ya zaga Adjamé cewa tsohon ya koma algus bayan shekara hamsin. Na ce to ya sa hannu kawai, karo ne ba salla ba. Ya kalle ni kamar na ce ya ci alade. Nomau bai taɓa sa hannu kan ƙarya ba. Wani ɗan kwangila ya taɓa ɗaure masa rago a ƙofar gida ana jibi Salla, Nomau ya ɗauko ragon a cinya cikin tasi ya mayar masa, ragon ya yi masa fitsari a hanya. Na ce to ya rubuta gaskiya. Ya ce da wane hannun? A taƙaice na ba shi shawara uku, ya ƙi uku, ya shanye min ruwan bisab, wato zoɓo, ya tashi. Da ya kai maganar gida, Ni'ima ta ce masa, "Aikinka ne, ubana ne," ta ci gaba da tankaɗe. Na tausaya masa, ko da yake ban nuna ba.

Alhamis da hantsi ya iso. Tun daga ƙofar gida ya hango takalman Alhaji, ya tuɓe nasa ya ratsa tsakar gida da safa, takarda a hammata. Alhaji na zaune kan kujerar roba a tsakiyar falo cikin babbar riga, ma'aikatansa uku a jikin bango, Hajiya a bakin ƙofar ɗakinta, matan gida sun cika taga. Ni na ɗauko tiren kofuna na tsaya a bayan kujerar Alhaji, wai ina hidima. Nomau ya durƙusa ya gaida surukinsa, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi ruwa, ya koma ya sake tambayar gida. Da gaisuwa ta ƙare masa, ya ja da baya da gwiwa zuwa lungun da ya fi nisa, ya zaro cokali.

Layin farko na bakin ƙofa ya amsa a daƙile, don ranar da aka sa shi Alhaji yana tsaye. Na ga kafaɗar Nomau ta sauka. Ya matsa layi na biyu ya ƙwanƙwasa. Ƙwal. Ƙarar ta cika falon. Ya gwada na kusa da shi, ƙwal. Ya rage ƙarfin hannu yana ɗan taɓawa kamar mai lallashi, karon bai rufa masa asiri ba. Hajiya ta shiga jan carbi da sauri. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya tuna yana da uzuri a bayan gida. Nomau yana rarrafe yana matsowa, gumi na ɗiga daga gemunsa, kowane karo yana ba da shaida, har ya iso gaban ƙafafun surukinsa.

Alhaji kuwa murmushi yake yi. Yana bin hannun Nomau da kallo, yana gyaɗa kai kamar malamin da ɗalibinsa ke karatu daidai, yana cewa madalla. Wallahi raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, tsoho ya ci siminti ya kuma zauna yana yi wa yaron da ya rena dariya, don ya san ba zai iya buɗe baki ba. Cikin haushin nan tiren ya suɓuce min, kofuna shida na gilashi suka tarwatse a bayan kujerarsa. Hajiya ta zabura, matan taga suka yi salati, Nomau ya yar da cokali. Alhaji bai ko waiwaya ba. Yana nan da murmushinsa, yana jiran a ci gaba.

Na tuna madallar da ya yi min ranar sata, kunya ta rufe ni. Ma'aikatansa sun daɗe da gane cewa tsohon ya daina ji, shi ya sa suke cin karensu babu babbaka. Mu kuwa da muke gaishe shi kullum ba mu gane ba. Nomau, wanda ya fi kowa sanin kunne a garin nan, shi ne bai yi hira da shi ba shekara goma sha tara, yana gaisuwa yana kallon ƙasa, ana ce masa madalla yana tashi.

Nomau ya ɗaga kai ya kalli fuskar surukinsa. Ya daɗe yana kallo. Ya buɗe baki ya rufe, don ko ya iya faɗa, ba za a ji ba. Sai ya yi abin da har yau matan gidanmu ke ba da labari. Ya miƙa hannu ya kama hannun Alhaji, ya jawo shi a hankali har tsohon ya sauko daga kujera ya durƙusa. Ya kai shi layin bakin ƙofa, ya shimfiɗa tafin hannunsa kan karo, ya ƙwanƙwasa a gefe. Sannan ya matsar da hannun zuwa layi na biyu, ya sake ƙwanƙwasawa.

Na ga lokacin da rawar karon ta shiga tafin Alhaji. Murmushin ya ɗauke. Ya janye hannunsa daga na Nomau, ya zaro nasa cokalin da ya siɗe saboda tsufa, ya dafa ƙasa da hagu yana bugawa da dama. Haka ya ratsa falon da rarrafe, babbar riga na jan fasassun kofuna, ba wanda ya iya cewa ya tashi. Da ya kai bango ya zauna dirshan. Ya kalli ma'aikata biyun da suka rage, suka kalli silin. Ya ce, ba da kowa ba, da irin muryar wanda ba ya jin kansa, "Gida nawa na miƙa ma mutane hakanga?"

Nomau na tsugune yana kallon safarsa, hawaye na bin hancinsa. Alhaji ya juyo ya dube shi daga sama har ƙasa, ya tattare hannun riga.

"Kai jaki, zamna za ka yi kana kallona? Miƙo guduma."

Ban taɓa ganin mutum ya ji daɗin zagi irin haka ba. Nomau ya tashi a guje har yana zamewa, ya dawo da guduma biyu. Hajiya Barakatu tana cewa a bari, ita ta yafe, ita haka ma ya yi mata, Alhaji ya ce madalla ya sauke guduma a tsakiyar falon. Kafin azahar daɓen da muka yi wata biyu muna jira ya koma tsibi. Wata mata ta ɗauko tsintsiya, ta kalli Nomau, ta mayar.

Rahoton da ya kai ofis gaskiya ne tsantsa: aiki bai kammala ba, ɗan kwangila ya gano aibi ya fasa da hannunsa, zai sake daga aljihunsa. Ya kuma gaya wa Madam Akisi abin da ya ɓoye mata. Ta ce wane ne surukin nasa, ya nuna mata sunan a takarda da cokali. Ta yi masa faɗa da Faransanci na rabin awa, ta dakatar da shi mako biyu, amma sunan Alhaji bai fita daga jerin ba.

Mako biyun nan a falon Hajiya ya yi su, ba takalmi, yana kwaɓa siminti, an sallami ma'aikatan nan uku. Bayan nan kuma, duk Lahadi, su biyu suna bin gidajen da Alhaji ya miƙa a shekarun baya, daga Saint-Michel har Biafra, suna sallama suna roƙon a bar su su duba daɓe. Ni'ima ta saya wa ubanta na'urar kunne, ya sa ta kwana ɗaya ya ce duniya ta cika surutu, ya jefa a aljihu.

Ranar da suka sa karo na ƙarshe a gidanmu ina tsaye a taga. Alhaji ya ƙwanƙwasa da tsohon cokalinsa, ya juyo ya ce, "Mi kaj ji, jaki?" A da jarrabawa ce, yanzu kuwa jira yake a gaya masa. Nomau ya waiga ya ga matan gida sun cika taga. Sannan mutumin da ke sauka daga mota a tsakiyar gada don kunya ya matsa ya dafa kafaɗar surukinsa, ya kai baki daidai kunnensa, ya kwarara ihun da aka ji har bakin titi.

"Ya zamna daram, Baba!"